Wa Ke Ɗaure Miki Kai a Tirwun?

Liatu, matata, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ruwan randata mai sanyi,

Yau kwana tara ke nan da Mama ta tafi da ke Tirwun, wai mai ɗori ya fi kusa da can. Ban yi musu ba. Wane ni in ɗaga ido in ja da surukata? Amma tambaya ɗaya ta hana ni sakat: wa ke ɗaure miki kai kafin ki kwanta?

Kin tuna ranar da keke ya kife da ke, kwana biyu kacal bayan kin yi awa bakwai a zaune ana miki kitson atach? Kin daure wa karaya, ba ki yi hawaye ba sai da hannu ya ƙi kaiwa ƙeya. Ranar na shiga makaranta. Ni mai gyara rubutun mutane a jarida, ga ni a bayanki kina gyara ni! In raba kitson huɗu, in shafa man kaɗanya a fatar kai kawai, in naɗe a hankali kada ya ja miki goshi, sannan ɗankwalin siliki, ƙulli a gefe don kada ya tokare ki a filo. Daren farko na auduga na ɗaura, ya shanye man tas, kitson ya wayi gari a tsaye kamar ciyawar damina. Wayyo dariyarki ta wannan safiya!

Sai ga Mama ta same ni da kwalbar mai a hannu, jelar kitsonki a kafaɗata. Washegari ta sa aka haɗa kayanki. Na san abin da ta gani: 'yarta ta rasa mace ko ɗaya da za ta taɓa mata kai.

Ga silikin nan cikin takarda, kin bar shi a kan gado. Kada a matse ƙullin. Kada ki kwanta da danshi a kanki.

Ba ni da bakin roƙonta, ke ce 'yarta. Ki faɗa mata, farin watana, ba rashin gata ta gani ba. In ta ƙi, zan jira har a kwance ɗorin, har a tsefe kitson, har gashinki na ainihi ya yi furfura a tafin hannuna.

Naki, ba na kowa ba, har ƙasa ta rufe ido,
Istifanus