To Ina Maraƙin?

Daren Asabar, Sule Tankarkar

Alhamdu lillahi, yau jikata Hajara ta zo daga Gumel. Tun daga zaure take kira, "Ina angon nawa, ko tsufa ya kwantar da shi?" Na ce amarya ce dai ta yi yaji ta manta da ni.

Ashe damuwa ce ta kawo ta. Mai gonar da take duba lafiyar shanunsa yana son sayo na'urar da ke tatsa da kanta, don garken ya fi ƙarfin masu tatsa. Jibi zai ji shawararta, ta farko tun da ya ɗauke ta aiki, tana tsoron ta kai shi ga asara. Ta nuna min a waya: saniya ta shiga da ƙafarta, ƙarfe ya lalubi hantsa ya kama.

Na ce, "To ina maraƙin?" Shanunmu ba sa sakin nono sai ɗan ya fara tsotsa, a ɗaure shi a gaban uwar tana lasarsa. Ta ce, "Wallahi Kaka, rabin garken irin namu ne." Za ta ce masa ya fara gwadawa da sauran rabin, shanun ƙasar waje, tukuna.

Ta rubuta a littafinta, za ta karanta min. Na ce miƙo, ba a banza na zauna ajin dare da furfura ba. A hankali na haɗa baƙaƙen: "Kakana ya ce." Sau uku na karanta. Ta ɗauki hoton shafin, ta yage min shi. Ga shi nan ƙarƙashin matashina.