Tafin Bara

Greenwood, 3 ga Yuni

Ɗana Lamont,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka Vernita da 'yan ƙungiyarka ta kiɗa. Na rubuto ne don waya ta daina yi mini amfani. Shekara hamsin a gaban amfilifaya, na'urar nan mai ƙara sauti, sun mai da kunnuwan nan kayan ado.

Zaman Mississippi ya ishe ni. 'Yata Odessa tana lallaɓa ni kamar ƙwai, kullum soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara, amma in na busa harmonika a baranda karen maƙwabta ne kaɗai ke amsawa. Na ga takardar bikin titi na unguwarmu a Chicago, watan Agusta, sunanka a sama, nawa ko a ƙasa babu. Ban damu da takarda ba. Ka san al'ada: mai ƙungiya yana kiran wanda ya koya masa, ya hau dandamali ya yi waƙa biyu. Bara da ka kira ni ai ka ga yadda Titi na 43 ya ɗauka da tafi. Har yau Odessa na nuna wa matan coci bidiyon.

Ka tanadar mini makirufo. Shekarata saba'in da tara, ban san Agusta nawa ya rage mini ba.

Kawunka,
Elzie Broadnax

Chicago, 15 ga Yuni

Kawu Elzie,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Takardarka ta iso, Vernita tana gaishe ka.

Za mu yi murna da zuwanka. Na yi magana da masu shirya bikin, za a ajiye maka kujera a gaba, a cikin inuwa, a kira sunanka, a ba ka lambar yabo. Busa kuwa, ina ganin bana ka huta. Zafin ranar Agusta ba shi da daɗi ga ƙirji.

Allah ya ƙara lafiya.

Ɗanka,
Lamont

Greenwood, 24 ga Yuni

Lamont,

Ina gaishe ka, tunda uwarka marigayiya ƙanwata ce.

Kujera? Ni za ka dasa a inuwa kamar tsohuwar da ta zo kallon jikoki? Ni na koya maka yadda ake dunƙule makirufo da harmonika a tafin hannu har sautin ya yi kauri. Ni na hana ka busar 'yan gayun nan masu gudu ba kan gado. Kiɗan Blues ɗin da kake cin abinci da shi daga bakina ya fito. Faɗi gaskiya, yaro, tafin bara ne ya tsaya maka a wuya. Jama'a sun ce shekara talatin rabon da a ji busa irin wannan, kai kuwa ka kasa haɗiyewa. Wallahi ka ɓata mini rai.

Elzie

Chicago, 6 ga Yuli

Kawu,

Ina gaisuwa. Sau uku ina yaga wannan takarda, amma tunda ka ce hassada ce, bari ka ji.

Bara da ka hau, ka zaro harmonika daga cikin waɗanda kake jerawa a ɗamararka, kowace da muryarta, ba wadda ta dace da waƙar ba. Mu muna murya ɗaya, kai kana wata, kuma ba ka jin mu. Mai ganga ya dube ni, na ga wasu a gaba sun fara taɓa juna. Sai na kashe amfilifayarka, na koma bayan manyan lasifikoki da tawa harmonikar, ina kallon kafaɗunka. In ka ja numfashi in ja, in ka saki in saki. Waƙa biyun nan ni na busa su, Kawu. Daga bakinka ko ɗigo bai kai kunnen kowa ba.

Ka ce tafin ya tsaya mini. E, ya tsaya. Shekarata hamsin da biyu, tun ina saurayi ake ce mini inuwar Elzie. Ranar da na yi busar da ban taɓa yin irinta ba, ina laɓe a bayan akwati, ana ihun sunanka. Wani ma ya dafa ni ya ce, "Ka ji yadda maza ke yi? Je ka ƙara koyo." Na yi dariya na ce to.

Ba zan iya sake yi ba, ba kuma zan iya tsayawa ina kallo a yi maka dariya ba. Ka karɓi kujerar, don Allah. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Lamont

Greenwood, 20 ga Yuli

Lamont,

Na gaishe ka. Na sa Odessa ta goge bidiyon.

Shekara guda ina godiya a kan abin da ba nawa ba, kai kuma ka bar ni. Ba ka tsare mini mutunci ba, ka binne ni ne da raina, ka sa aka yi tafi.

Zan zo bikin ranar goma sha shida ga Agusta. Ka kira ni, ka kunna amfilifayata, ka zuba hannuwanka a aljihu inda zan gan su. In dariya za su yi, su yi. Ita dai tawa ce, ba kamar tafin bara ba.

Ka huta lafiya.

Elzie Broadnax