Ɗakin da Ke Saman Shagon Tela

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin yi ƙorafin na ɗauke ƙafa. Wallahi Yaya hanya ce ta cinye ni. Awa biyu zuwa ofis, awa biyu dawowa. Kin san Inna ba ta shan maganin rana sai an tsaya a kanta. In na dawo sai in tsinci ƙwayoyin a ƙarƙashin matashi, ita kuma tana rantsuwa ta sha.

Shi ya sa na ɗauko wata hidima. Tunda aikinmu duk a kwamfuta ne, na ce kowace unguwa ta sami ɗaki guda da ma'aikatan kusa za su zauna, ko na wane kamfani ne. Telan bakin layinmu ya ba mu saman shagonsa, wata malama mai ritaya ta ba da garejinta. Ɗakuna huɗu ke nan yanzu, ba kujerar da ta yi kama da 'yar'uwarta. Abokin aikina Dogo ya haɗa mana intanet, yana yi yana mita. Tun ba a fara ba ana rigima kan wa zai zauna kusa da fanka. Duk Asabar ɗina a nan take ƙarewa, har bayana ya fara ciwo.

Saura Manajanmu ya amince mu riƙa yin aiki daga ɗakunan. Ki taya ni addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina sanar da ke Manaja ya zo ya duba. Keken tela na ta ƙara a ƙasa, amma hakan bai dame shi ba. Ya amince, har ya yaba mini a gaban mutane.

Washegari ya kira ni. Wai tunda ni na san kan abin, ni zan riƙa lura da ɗakunan daga babban ofis, kullum, kusa da shi. Na buɗe baki in yi magana, sai na ji ina godiya.

Ran Litinin mutum talatin da ɗaya suka tafi aiki a ƙafa. Ni na miƙa wa tela makulli na wuce tasha. Ban ji haushinsu ba, Yaya, gajiya ce kawai.

Jiya Inna ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, sai maƙwabciya ce ta gan ta. Ta farfaɗo, alhamdulillahi, amma likita ya ce kada a ƙara barin ta ita kaɗai. Na daɗe ina juya maganar nan kafin in rubuta: ki zo ki ɗauke ta, ko na 'yan watanni ne. Na san ɗakinki ƙarami ne.

Ban faɗa mata ba tukuna. In kin zo, ki ce ke kika yi kewarta.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Auta