Biskit ɗin Gimbiya

Ƙanina,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aikin gareji, yaya jikin Gimbiya?

Na samu labarin ta sake kwana biyu ba ta je makaranta ba, ciki ya kumbura, ga gudawa. Kuma a bakin wasu na ji, kai ka yi gum. Tun da likita ya ce hanjinta ba ya ɗaukar alkama nake cewa wannan hidima ta fi ƙarfinka. Kai da ko ruwan zafi ka ɗora sai ka ƙone tukunya! Na san ƙoƙarin da kake yi tun rasuwar mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, amma yarinya tana ramewa. In an yi hutu ka kawo mini ita ta zauna a nan. Na riga na sa an share ƙaramin ɗakin.

Ka rubuto mini duk abin da take ci, kar ka rage komai.

Yayarka

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa, na ga takardarki, na kuma sha faɗan.

Wallahi babu ƙwayar alkama a gidan nan. Fulawa, burodi, taliya, duk na fitar, ni ma na daina ci don kar ta gani ranta ya biya. Na sayi sabuwar tukunya da sabon ludayi. Shinkafa, dankali, ƙwai da kifi muke ci, kuma yanzu ba na ƙonawa sosai. Likita ma ya auna jininta ya ce alkama ba ta shiga jikinta. Ni dai na rasa inda matsalar take.

Abu ɗaya nake ƙara mata. Akwai kanti kusa da gareji mai sayar da biskit na masu irin lalurarta. Sai na sa tabarau na karanta ledar tas kafin in saya, har nakan zaɓi wanda aka rubuta babu sukari, don ya fi lafiya. Kullum in na taso aiki nakan sako ɗaya a aljihu. Ina buɗe ƙofa za ta taho ta laluba, mu zauna a bakin baranda tana ci ina kallonta. Kin san ni ban iya hira ba, uwarta ce mai magana a gidan nan. Wannan ɗan zaman shi ne hirarmu.

In har hutu ya zo ba ta samu sauƙi ba, zan kawo ta da kaina. Lafiyarta ta fi kaɗaicina. Amma Yaya, ban san yadda zan riƙa buɗe ƙofar nan babu kowa a bayanta ba.

Ƙaninki

*

Gwaggo,

Ina gaishe ki da kyau. Don Allah kar ki gaya wa Baba na rubuto miki, kawu mai kai saƙo na ba.

Na ji kamar za a kawo ni wurinki. Ina son ki Gwaggo, amma wa zai riƙa tuna wa Baba inda ya ajiye tabaransa?

Ni na san abin da ke ɓata mini ciki. Biskit ɗin ne. In na ci da yamma sai cikina ya yi ta ƙugi yana murɗawa, ya cika da iska har in ji kunya a aji. Ranar da Baba ba ya zuwa aiki babu biskit, kuma washegari lafiyata lau nake tashi. Na so in faɗa masa, amma ba ki ga fuskarsa ba in na sa hannu a aljihunsa. A nan ne kawai nake ganin haƙoransa tun da Mama ta rasu. Na taɓa gwada ɓoyewa a hannun riga, sai ya ce ko ba daɗi ne, sai na cinye.

Ga ledar na saka miki a ciki. Ki san yadda za ki yi, amma kar ki sa ya ji ba daɗi.

'Yarki,
Gimbiya

*

Ƙanina,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Yau ba faɗa na zo yi ba, ka saki ranka.

Na samu ledar irin biskit ɗin nan na kai wa maƙwabciyata nas. Ta ce gaskiya ne babu alkama a ciki, karatunka bai yi kuskure ba. Sai dai da suka cire sukari, wani abin zaƙi suka zuba a madadinsa, kuma ba kowane ciki ke narkar da shi ba. Ga wasu yakan jawo kumburi da gudawa, balle hanjin da bai gama warkewa ba. Ta ce ka dakatar da shi ku gani, ka kuma kai wa likitan Gimbiya ledar.

Kar ka tambaye ni inda na samo ledar. Abin da zan ce maka shi ne yarinyar nan ta fi mu duka hankali, kuma ta sa ni kuka ina zaune ni kaɗai kamar wata sakarya.

Ka bar biskit, amma kar ka kuskura ka shigo gida aljihu wayam. Ka sako lemu ko ayaba. Ba don biskit take tsayuwa a bayan ƙofar nan ba.

Yayarka mai yawan baki

*

Yaya,

Muna gaisuwa, ni da Gimbiya.

Cikin ya lafa, ba ta sake fashin makaranta ba, likita ma ya ji daɗi. Jiya a baranda na tambaye ta tun yaushe ta san biskit ɗin ne ke ɓata mata ciki. Ta sunkuyar da kai ta ce tun tuni. Sai da na tashi na shiga banɗaki na wanke fuska.

Yanzu lemu nake kawowa. Ta ce ban iya ɓarewa ba, duk ina tsiyayar da ruwan, don haka ita ke ɓarewa ta raba mana. Tana yi tana ba ni labarin makaranta, ashe surutun uwarta ta gado.

Ɗakin da kika share, ki bar shi haka. In an yi hutu za mu zo mu kwana biyu, mu dawo gida tare.

Ƙaninki