Asabar Ce, Na Ce Masa Lahadi

Bana Lubuto, mai ba mu shawara, ki agaza mini. Na tsufa da wata magana a ciki, kuma waɗanda zan iya gaya wa duk sun riga ni tafiya.

Mu biyar muka kafa ƙungiyarmu a Kitwe a 1973, muna kiɗan rok mai zafin nan da ke sa kwanon rufi rawa. Ni ne mai ganga. Uku sun rasu, cutar ƙanjamau ta shekarun tamanin ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Saura ni da Kapembwa, mawaƙinmu na farko, wanda waƙoƙinmu na fari duk daga kansa suka fito.

Kapembwa a mahaƙar jan ƙarfe yake aiki, ya fito daga rami ya tsaya gaban lasifika. Kunnensa na hagu ya fara mutuwa. Sai ya riƙa shiga waƙa kafin lokaci, mu kuma muna satar kallon juna. Da aka gayyace mu Lusaka yin faifai, aka yanke ba za a je da shi ba, amma kowa ya kasa gaya masa. Aka ce ni ne amininsa, in je. Na tarar yana cin nshima, tuwon masararmu, da busassun ƙananan kifin kapenta, har ya turo mini kwanon. Jirgin ƙasanmu ranar Asabar ne. Na buɗe baki na ce masa Lahadi.

Ranar Lahadi ya je tasha da jakarsa da sabon wandonsa mai faɗin ƙafa.

Abin da ke cina shi ne bai taɓa zargina ba. Ya ɗauka shi ne bai ji daidai ba. Shekara hamsin, duk haɗuwarmu sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan ganga, ka yi haƙuri fa, banzan kunnen nan ne ya kunyata mu." Ni kuma in ce ba komai. Ni nake yafe masa, kin ji rashin kunya. Bai sake waƙa ba, ko a coci.

Yanzu wani kamfani ya tono tsohon tef ɗin da muka ɗauka kafin tafiyar, waƙa huɗu, duk da muryarsa, za su fitar a ƙaramin faifai. Sun aiko mini in saurara, ban kai ƙarshen ta biyu ba na kashe. Wanda muka sa a madadinsa ko kusa bai kama ƙafarsa ba. Sun nemi kowannenmu ya rubuta 'yan layuka a bayan faifan. Kapembwa yana Mpika wurin 'yarsa, kunnuwan duka biyu sun tafi. Abin da ya aiko ke nan: "Kunnena ya sa na rasa jirgi." Wata mai zuwa za a buga.

In na yi shiru, ƙaryata ta shiga faifai da sa hannunsa. In na faɗa, na rasa mutum ɗaya da ya rage wanda ya san ni ina saurayi. Ya zan yi?

Tsohon mai ganga, Kitwe

Baba mai ganga, wasiƙarka ta taɓa ni ƙwarai.

Tsoronka yana da dalili. Akwai gaskiyar da mutum ke faɗa don kawai ya sauke nauyi a kan wani ya yi tafiyarsa, kuma tsoho mara lafiya bai cancanci haka ba. Da Kapembwa ya manta da zancen, da na ce ka bar shi. Amma bai manta ba. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana ba da haƙuri, laifin yana nan a zuciyarsa, kuma laifin ba nasa ba ne.

Ka roƙi kamfanin su dakata da bugawa. Ka tafi Mpika da ƙafarka, kada ka aika ta waya ko ta hannun 'yarsa. Tunda ba ya ji, ka rubuta da hannunka, a taƙaice, ka zauna kusa da shi har ya gama karantawa. Kada ka laɓe bayan matattu, ko da tare kuka yanke, bakinka ne ya faɗa. Ka rubuta masa abin da ka ji a tef ɗin, domin shi ba zai taɓa jin sa ba, sai dai ya yarda da kai.

Kada ka nemi yafiya a ranar. Zai iya korarka, zai iya hana faifan fita, kuma duka haƙƙinsa ne. Ba zan yi maka alkawarin abota za ta tsira ba. Abin da na sani shi ne, kai kaɗai ka rage a duniya da zai iya gaya masa cewa ranar nan ya ji daidai.

Allah ya kai ka lafiya, ya sanyaya zukatanku ku biyu.

Bana Lubuto