Inda Baba Ya Tsaya

Daren Laraba, Funtua

Na dawo daga kasuwar Bakori da la'asar na tarar ƙanena Kabiru ya taɓa tsohuwar kwamfutar falo, wadda ke aika mana bidiyoyin gida zuwa talabijin da wayoyi. Shekara shida ina hana kowa sabunta manhajar da ke kanta. Da bakinsa ya yi mini alkawari ba zai taɓa ba.

Wai ta tsufa, tana nauyi. "Yaya, ba abin da ya ɓata," in ji shi. "Duba, komai na nan."

I, komai na nan. Bikin Hadiza na nan, sunan 'yan biyu na nan. Amma tsohuwar manhajar tana riƙe inda mutum ya tsaya da kallo. Ranar da ciwon ajali ya kama Baba, Allah ya jiƙansa, bidiyon girbin masararsa ta Dandume muke kallo tare. Aka kira azahar, ya tsayar, ya ce in ya idar zai ƙarasa, amma bai ƙarasa ba. Tun ranar jan layin da ke nuna inda ya tsaya yake tsaye a tsakiyar bidiyon. Ban taɓa dannawa ba, nakan buɗe in zuba masa ido kawai.

Sabuwar ta share shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, na taɓa nuna wa Kabiru layin, har ya yi hawaye.

Na kasa cin tuwo. Ɗazu na kunna bidiyon, ya faro daga farko, kamar Baba bai taɓa zama ya kalla ba.