Idon Abla Damyana da Takardun Ƙuri'ar Gidaje

Malama Ihsan, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi sauri, domin kwana goma sha biyu suka rage a rufe karɓar takardun ƙuri'ar gidajen gwamnati, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Ni tela ce, a gida nake ɗinki, a unguwar Shubra. Ni da maigidana Ragab, mai aikin shimfiɗa tayil, da 'ya'yanmu biyu, ɗaki ɗaya muke ciki a gidan mahaifiyarsa tun ranar da aka kawo ni. Babbar 'yarmu ta shiga shekara goma sha ɗaya, labule ne tsakanin gadonta da namu. Ba sai na faɗa miki yadda muke son gidan kanmu ba. Amma ba maganar kaina ce ta kawo ni ba, ko in ce ba ita kaɗai ba.

A lungunmu akwai wata dattijuwa, Abla Damyana. Shekara talatin da huɗu ta yi tana aiki a ofishin rajistar haihuwa da mutuwa kafin ta yi ritaya. Mijinta ya rasu, ɗanta guda yana Kanada. Duk sanda aka yi shelar ƙuri'a, teburin cin abincinta ofis yake komawa. Tun da hantsi za ki ga mutane a jere a kan matakala, kowa da ledar takardunsa a hammata. Ba ta karɓar komai. Ita Kirista ce, yawancinmu Musulmi, ba ma ko tunawa da hakan sai lokacin azuminta, in mata za su kai mata abinci su cire nama da madara.

Malama, ban taɓa ganin kai irin na matar nan ba. Kallo ɗaya za ta yi wa ledarka ta ce takardar iyalinka ta tsufa, je ka ciro sabuwa. Ta san wasiƙar albashin da babu hatimin gwamnati mai hoton mikiya a kanta ɓata tafiya ce. Ta san irin su Ragab da ba su da wurin aiki tsayayye shaidar kuɗin shiga daga wurin akanta za su kawo, ta san rasiɗin wuta dole adireshinsa ya yi daidai da na katin shaida. Ta san tagar ofis ɗin da ake zuwa ran Lahadi da wadda ba a zuwa ran Alhamis. Ga baki! Ranar da Ragab ya kai mata hotonsa ta juya shi ta ce, "Ragab, wannan kai ne, ko wanda 'yan sanda ke nema? Je ka yi aski ka dawo." Ammu Shahata mai sayar da wake kuwa cewa ta yi da shi, "A katin shaida shekarunka hamsin, a takardar aure arba'in da uku. Wa ka yaudara, gwamnati ko matarka Ummu Hani?" Matakala ta kaure da dariya, har da Ummu Hanin. Sati biyu Abla ta yi tana tura shi ofis-ofis har aka gyara. Gida goma sha ɗaya daga lungunmu yanzu suna cikin gidajensu ta hannunta. Ƙuri'a dai rabo ce, amma ita ce ta sa sunansu ya kai inda rabo zai gan shi.

Da yake gwiwarta ba ta son matakala, bana ni ce nake ɗaukar fayil ɗin da ta gama in kai shagon da ake ɗaukar hoton takardu a tura wa hukuma ta kwamfuta. Ran Talata ina tsaye a layi, babu abin yi, sai na buɗe na Ummu Hani ina dubawa. Lambar katin shaida, mai lambobi goma sha huɗu ɗin nan, wadda Abla ta rubuta a fom ba ta yi daidai da ta jikin katin ba. Inda aka sa biyu, ita ta rubuta uku. Kin san lambobin nan a rubutunmu na Larabci, haƙori ɗaya ne ya raba su. Na ce ƙila idona ne. Na duba sauran. Cikin tara da ke hannuna, uku suna da irin wannan kuskuren.

Sai a lokacin abubuwa suka dinga faɗo mini. Yadda Abla take matsawa bakin taga da takarda. Yadda take faɗa wai tawadar gwamnati ta koma ruwa, wai masu buga katin nan rowa suke yi. Ranar da ta zuba mini shayi rabi a kofi rabi a faranti, ta ce hannunta ne ya motsa.

Abin da na yi shi ne na sayo sababbin fom, na cike da hannuna, na bi mutanen uku gida-gida na ce shayi ne ya zube a kan na farko, su sake sa hannu. Ummu Hani har tsiya ta yi mini, ta ce, "Ke dai Ummu Rodina, Allah ya sa ba haka kike yi wa yadin mutane ba." Na yi dariya. Ba zan iya cewa shayi ya zube a kan fayil arba'in ba. Arba'in ne a ƙarƙashin teburinta, wasu kuma masu su sun ɗauka sun kai shagon da kansu, ban san me ke ciki ba.

Na gaya wa Ragab. Ya ce in tara mutanen lungu in faɗa musu, kowa ya je ya karɓe ledarsa, domin wannan ba wasa ba ne, makomar 'ya'yan mutane ce. Na ce ya ba ni kwana biyu. Yau kwana huɗu.

Ga kuma abin da ban gaya masa ba. Bara mun nema, aka cire mu tun kafin a yi ƙuri'ar, saƙon da ya zo a waya ya ce bayananmu ba su yi daidai ba. Muka yi ta zagin kwamfuta. Abla ta fi kowa ɓacin rai, har ta ce in da tana ofis da ta ja kunnen wanda ya yi wannan aikin. Jiya na ciro kwafin fom ɗin bara daga ƙasan akwati. Malama, lambata ce. Biyu ta zama uku, da rubutunta mai kyau ɗin nan.

Na zauna a bakin gado na yi kuka, ban san ko na haushi ne ko na tausayi ba. Shekara guda ta 'ya'yana. Amma da safe da na hau wurinta na same ta ta riga ta shirya fensir da ƙusoshin maƙala takarda, tana yi wa wata bazawara bayanin yadda za ta ciro takardar mutuwar mijinta, a hankali, tana riƙe da hannunta. Ta ɗago ta ce da ni, "Zo nan 'yata, kin rame, ba kya cin abinci ne?" Na gaishe ta kawai, na ɗauki fayil na sauko. Matar nan ba ta da komai sai teburin nan. In na karɓe shi, me na bar mata? In na yi shiru kuma, wa zai zama ni ta bara? Ki faɗa mini yadda zan yi.

Ummu Rodina, Shubra

Ummu Rodina, 'yar'uwata,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na ji ina son in ga matar nan da idona. Irinta ba su da yawa. Ke ma ban raina miki ba. Kin gano abin da ya ci miki shekara guda, amma tambayarki ta fi karkata ga yadda za ki tsare mutuncin wadda ta yi kuskuren. Allah ya saka miki.

Ragab yana da gaskiya a abu ɗaya, kuma shi ne babba. Takardun nan ba na Abla ba ne, ba naki ba ne, na mutane ne da suka ba da amana, kuma lokaci ba ya jira. Inda ya kuskure shi ne hanya. In kowa ya karɓe ledarsa, ina zai kai ta? Wa ya san hatimi da taga da ranar zuwa in ba ita ba? Idonta ne ya raunana, kanta yana nan garau, kuma kan nan shi lungunku ya fi bukata.

Ki je wurin Abla gobe da sassafe, kafin matakala ta cika. Ki tafi da fom ɗin Ummu Hani na farko da kwafin katinta, ki ajiye mata su, ki karanta mata lambobin biyu da baki. Kada ki yi dogon kewaye. Wadda ta ƙare rayuwarta tana kama kuskuren wasu ba za ta gode miki don kin ɓoye mata nata ba. Ina kuma kyautata zaton ta daɗe da sanin wani abu na damun idon, tsoro ne ya sa take ɗora wa tawada laifi.

Sannan ki zo mata da aiki a hannu, ba tausayi ba. Ita ta duba abin da ya cika da abin da ya rage, ta ba da umarni kamar kullum, ke ki riƙe biro. Kafin kowa ya sa hannu, ya ɗauki katinsa ya karanta lambarsa da ƙarfi, ke kina bi da yatsa a fom. Ki bar ta ta kafa wannan doka da bakinta, mutane za su bi ba tare da tambaya ba. Waɗanda suka riga suka tura nasu, a kira su yau ɗin nan su kawo kwafi a duba, wanda aka samu kuskure ya je hukumar ya tambayi yadda ake gyara tun kafin a rufe. Ƙaryar shayi kuma ta isa haka. Kada ki sake ta, kada kuma gaggawa ta sa ki taɓa sa wa wani hannu a madadinsa.

Maganar bara, haushinki halal ne, kada ki ji kunyarsa. Amma ki tuna ke ma kin sa hannu a fom ɗin ba ki karanta ba, kamar yadda dukkanmu muke yi in mun yarda da mutum. Ba sai kin fara mata da ita ba. In ta tambaye ki, kuma mai kaifin kai irinta tana iya tambaya, kada ki yi mata ƙarya. Ragab kuwa ki gaya masa bayan kun tura takardunku, in hankali ya kwanta. Yana da haƙƙin ya sani.

Da zarar an rufe karɓa, ki raka ta wurin likitan ido. Sau da yawa a shekarunta yanar ido ce, kuma ana cire ta, amma likita ne zai faɗa, ba ni ba. Ɗanta kuma ita za ta kira shi, ba ke ba.

Ki shirya, tana iya yin fushi, ta ce ki fita mata daga gida. Ki fita ba tare da musu ba. Washegari ki koma da bironki, ki ja kujera ki zauna kusa da ita kamar ba abin da ya faru. Za ta matsa miki wuri.

Allah ya ba ta lafiya, ya sa sunanku ya fito a ƙuri'ar bana, ke da duk mutanen lungunku.

Malama Ihsan